Komawa Kan Babur Bayan an Manyanta: Yadda Ake Sarrafa Mai Nauyi a Titunan Zariya

Akwai magidanta da dama a Zariya, daga malaman jami'a da suka doshi ritaya a Samaru zuwa 'yan kasuwar Sabon Gari, waɗanda suka yi samartakarsu a kan Honda Benly ko Vespa ko Suzuki 100, har iyali ya ƙaru, mota ta shigo gida, babur ya koma hannun ƙane. Tsadar mai tun bayan cire tallafi a shekarar 2023 ta dawo da wasunsu kan ƙafa biyu, wasu kuma sha'awa ce ta motsa, kuma masu sha'awar ba ƙaramin babur suke nema ba, babba suke sa a kawo musu daga Legas ko Kwatano. Ba a manta hawan babur gaba ɗaya, kuma a nan haɗarin yake. Cikin minti goma mutum zai ji kamar jiya ya sauka, alhali abin da ya dawo masa daidaiton zama ne kawai. Iya taka birki, da saurin ido, da juya babur a ƙuntataccen wuri, duk sai an sake gina su, kuma a kan injin da bai yi kama da na da ba.

A fara da nauyi, domin shi ne ya raba babur ɗin da ka sani da wanda kake shirin saya. Bajaj Boxer da 'yan acaɓa ke hawa yana tsakanin kilo 110 da 125. Suzuki V-Strom 650 da Kawasaki Versys 650 sun haura kilo 210, Honda Africa Twin yana wajen 230, BMW R 1250 GS ya kusa 250, Gold Wing kuwa ya wuce 350. Wanda ya taɓa ganin yadda ake kokawar ɗora buhun masara a mota a kasuwar Giwa zai gane abin da ake nufi idan aka ce buhu biyu da rabi ne ke tsaye tsakanin cinyoyinsa. Wannan nauyi yana ɓacewa da zarar babur ya ɗauki gudu, sai ya dawo gaba ɗayansa lokacin da aka rage tafiya zuwa ta mai ƙafa. Shi ya sa mai babban babur ya fi faɗuwa a ƙofar gidansa, ko a gidan mai, ko wajen juyawa a harabar masallaci bayan Juma'a, ba a kan babbar hanya ba. Inda nauyin ya zauna ma abin lura ne: lita ɗaya ta fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, saboda haka tankin lita 20 da aka cika ya ɗora kilo 15 a can sama, inda ya fi saurin rinjayar babur.

A ganina, wanda ya yi shekara goma sha biyar ko ashirin bai hau ba, bai kamata ya fara da abin da ya wuce kilo 200 ba. Honda CB500X da Royal Enfield 350 duk suna ƙasa da haka kaɗan, kuma ƙarfinsu ya isa tafiyar Kaduna ko Kano. Kafin a biya kuɗi, a zauna a kan babur ɗin, a tabbatar gaban tafin ƙafa biyu yana taɓa ƙasa, ko kuma ƙafa ɗaya tana sauka gaba ɗayanta ba tare da an zame daga kujera sosai ba. Kujerar GS tana kai santimita 85, wanda ga mai matsakaicin tsawo ɗage ne. A tambaya kuma wane makanike ne a gari ya san injin, kuma daga ina kayan gyaransa ke zuwa, domin babur ɗin da zai yi wata biyu a kafe yana jiran abu ɗaya daga Legas ba abin hawa ba ne. Kafin ya iso, babu kunya a ari Boxer ɗin yaro a yi makonni ana zagaya unguwa da shi.

Jiki ma yana da nasa bincike. A je a gwada ido, musamman don yanar ido da hawan jinin ido, waɗanda ke rage gani a hankali ba tare da mutum ya farga ba, kuma suke sa fitilar mota ta kashe ido da dare. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya tambayi likitansa ko maganin da yake sha yana kawo jiri ko barci. A gwada waiwaye: idan wuya ba ya juyawa har a hango bayan kafaɗa, sai an riƙa motsa shi kullum, domin madubi ba ya nuna komai da komai. Ƙarfin da babban babur ke nema a cinya da ƙugu yake, ba a damtse ba, kuma tsugunawa da miƙewa sau goma ko ashirin kowace safiya yana gina shi.

Lasisin mota ba ya wadatar da mai babur. Na babur aji A ne, kuma ta hannun hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ake bi, wadda ta tsananta dokar hular kwano tun watan Janairun 2009. A haɗa da lamba da inshora, domin jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, suna kan titi, kuma a riƙa sauraren sanarwar gwamnatin jiha, tunda an taɓa hana hawan babura saboda matsalar tsaro, kamar yadda aka yi a 2021. Hular kwanon ta kasance mai rufe haɓa, a ɗaure igiyarta, kuma a cire hular kai a sa a jaka, domin kwanon da aka ɗora a kan zanna-bukar shi ne zai fara tashi. A sa takalmi mai rufe idon sawu, da safar hannu, da riga mai kauri. Babbar riga da rawani a naɗe su a akwati sai an isa wurin ɗaurin auren, saboda gefen riga da ya shiga sarƙa ko tayar baya yana fizge mutum ƙasa kafin ya san abin da ya faru.

Babur ɗan Kwatano yakan zo da taya mai kyan gani wadda ta tsufa. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida robarta ta bushe ko da zanenta bai cinye ba, kuma ba ta kama kwalta mai jiƙa. Iska kuwa da geji ake auna ta, taya tana sanyi, bisa adadin da kamfani ya rubuta a jikin babur, ba da ƙwanƙwasa ƙarfen mai faci ba. Tayar gaba mai ƙarancin iska tana sa kan babur ya yi nauyi ninki, har mutum ya ɗauka ƙarfinsa ne ya gaza. A sauya man birki idan ba a san ranar da aka zuba shi ba, daga nan kuma duk shekara biyu. A guji man 'yan bumburutu, domin yawancin manyan babura na yanzu ba kafireta gare su ba, feshin mai suke yi ta ƙananan ramuka da datti kaɗan ke toshewa.

Darasin farko ana yin sa ne inji a kashe. Ka tsaya a hagun babur, ka miƙe kansa, ka ɗora yatsu biyu a kan birkin gaba, ka tayar da shi daga ƙafar da ake kafe shi da ita, sannan ka bar shi ya ɗan jingina da ƙugunka. Muddin yana karkace kaɗan zuwa gare ka, kai ke da iko da shi, amma da zarar ya rinjaya zuwa ɗaya gefen, babu damtsen da zai dawo da shi. Ka tura shi gaba, ka ja shi baya da hannun dama a kan ƙarfen bayan kujera, ka yi kwana da shi a tsakar gida, kana taɓa birki a hankali, har ka san daidai inda nauyin ke ɓacewa idan ya miƙe cak. Wajen kafewa, ka bar shi a giya ta ɗaya, kuma idan wurin gangare ne kansa ya dubi tudu, domin in ban da irin su Gold Wing, manyan babura ba su da giyar baya, kuma wanda ya cusa kai cikin gangare sai ya nemi mataimaka. Da damina ƙasar Zariya takan yi laushi, ƙafar kafewa ta nutse a hankali bayan mai shi ya shiga gida. Guntun katako ko murfin gwangwani da aka ajiye a aljihu yana maganin wannan.

Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kuma a ƙafar hagu ya fi kama mai dawowa. Boxer mai lamba 100 da Jincheng duk ƙasa ake taka giyarsu, ɗaya bayan ɗaya, Vespa kuwa a hannu take. A babban babur giya ta ɗaya ce kaɗai ke ƙasa, firi yana tsakanin ta ɗaya da ta biyu, sauran kuma sama ake ɗaga su da bayan yatsun ƙafa. Wanda tsohon sabo ya rinjaye shi ya taka ƙasa yana nufin ƙara giya, rage ta ya yi, kuma a kan gudu hakan na iya sa tayar baya ta ja ƙasa. Totur ma haka: ƙarfin Boxer bai wuce doki takwas zuwa goma sha biyu ba, na injin 650 kuwa yana wajen saba'in, saboda haka murɗawar da ta saba fitar da kai daga layi a da, yanzu za ta iya kai ka bayan motar da ke gabanka. Ka riƙe totur wuyan hannunka a miƙe ko ya ɗan yi ƙasa, yadda ko babur ya fizga, jikinka ba zai ƙara masa wuta ba.

Tafiyar sannu ita ce ainihin aikin, kuma a nan ya kamata a kashe mafi yawan lokaci. A nemi fili mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, irin harabar makaranta ranar Asabar bayan an nemi izini, ba mai yashi ba. Ka hau, ka sa giya ta ɗaya, ƙafafu biyu a ƙasa, ka saki kuloci a hankali har ka ji babur ya fara ja, sai ka sake damƙe shi ya koma baya kaɗan. Ka maimaita har yatsunka su haddace wannan ɗan tsakanin da kuloci ke kamawa bai gama kamawa ba, domin a cikinsa ake yin duk wata tafiyar sannu. Daga nan abubuwa uku ke aiki tare: totur a tsaye wuri ɗaya, inji yana ɗan ƙara sama da yadda yake yi a firi, kuloci a wannan tsakanin, shi ke ba taya ƙarfi ko ya rage, ƙafar dama kuma tana ɗan danne birkin baya, wanda ke miƙar da babur ya hana shi rawa. Idan ka ji zai faɗi cikin kwana, maganin shi ne a ɗan saki kuloci ya ja, ba a damƙe shi ba. Hankali yakan ƙi yarda da wannan da farko, amma ƙarfin injin ne ke tayar da babur, kuma wanda ya yanke shi a tsakiyar kwana ya bar wa ƙafarsa ɗaya kilo ɗari biyu.

Ka jera robobin ruwa biyu da tazarar taku goma sha biyu, ka riƙa zagaya su kana zana lamba 8, kana matso da su kaɗan kaɗan yayin da hannu ke faɗawa. Ka juya kai gaba ɗaya, haɓa ta nufi inda kake son zuwa, domin babur yana bin ido: mai kallon kwata a kwata zai ƙare. A irin wannan kwana ta sannu, babur ne ke kwantawa, kai kuma jikinka yana tsaye, nauyinka a gefen waje na kujera. Abu guda da ba a yi ko kaɗan shi ne damƙar birkin gaba alhali kan babur yana juye, domin nan take zai durƙusa gefen da aka juya. In tsayawa ta kama, a miƙe kai tukuna. A ƙarasa tsayawa da birkin baya, ƙafar hagu ta sauka, ta dama ta zauna a kan birki, kuma kafin a sauke ƙafar a dubi inda za ta taka. Bakin kwalta a unguwanni irin su Tudun Wada da Hanwa yakan fi ƙasar gefensa tudu, kuma ƙafar da ta nemi ƙasa ta tarar da rami, ko ta taka tsakuwa ta zame, ita ce ke kayar da mutum a gaban jama'a.

A kan gudu kuwa hukuncin birki juyewa yake yi. Yawancinmu mun tashi da tsoron birkin gaba, ana cewa yana wuntsila mutum, alhali shi ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin ɗari na tsayawa, saboda nauyi gaba yake komawa idan aka rage gudu. Ba fizgarsa ake yi ba, matsa shi ake yi: a fara da taɓawa, gaban babur ya ɗan nutse, taya ta danne ƙasa, sannan a ƙara matsi da ƙarfi. A gwada a fili daga gudun kilomita 30, sannan 40, sannan 50, ana sa alama inda aka tsaya. Idan babur yana da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an matsa birki, za a ji hannun birki yana bugawa a yatsu lokacin da na'urar ta shiga aiki, kuma gara a saba da wannan bugun a fili da a fara jin sa a bayan tirela har a saki birki don firgita. A gudun kilomita 50 babur yana cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa, a 100 kuma kusan 28, kuma idan gudu ya ninka, nisan da babur ke ci bayan an matsa birki sau huɗu yake ninkawa. Dattijon da martaninsa ya ƙara jinkiri da rabin daƙiƙa sai ya biya bashin da tazara, ya bar daƙiƙa uku ko huɗu tsakaninsa da na gaba. Kwana a kan gudu ma ba da karkata jiki kaɗai ake yin ta ba, wadda ta isa a ƙaramin babur. Da zarar an wuce gudun kilomita 20 ko 25, tura hannun dama gaba kaɗan ne ke kwantar da babur dama, na hagu kuma hagu, kuma da wannan ake kauce wa rami ko akuya.

Duk da haka wata rana zai faɗi, kuma idan ya riga ya rinjaya, a janye ƙafa a bar shi ya tafi. Madubi da hannun kuloci ana sayen su, ƙashin ƙugun ɗan shekara sittin kuwa yana daɗewa bai haɗu ba. A kashe inji, a huta minti ɗaya, a tabbatar yana cikin giya don kada ya gangara, a kula da salansa mai zafi. Idan dama ya faɗi, a fara buɗe ƙafar kafewa domin ta tare shi in ya miƙe. A juya kansa gaba ɗaya zuwa gefen da ya faɗi, a ba shi baya, a tsuguna ƙugu ya dafa gefen kujera, hannu ɗaya ya kama hannun babur na ƙasa, ɗayan ya kama ƙarfen bayan kujera, a ɗaga haɓa sama, sannan a riƙa turawa da ƙafafu, taku ƙanana zuwa baya. Cinya ce ke ɗagawa, ba gadon baya ba. Wasu baburan ba sa tashi bayan faɗuwa sai an kashe makulli an sake kunnawa. A Zariya dai da wuya a kai ga wannan duka, domin kafin ka karkaɗe riga matasa sun taru suna cewa, "Sannu Baba, bari mu ɗaga maka." Ka karɓi taimakon, amma ka nuna musu inda za su kama, kada su ja madubi ko robar jiki, kuma kada su tura da ƙarfi har ya kife ɗaya gefen.

Shiga titi a yi shi daki-daki. A fara da sassafe ranar Lahadi a hanyar Samaru zuwa Shika, a bar PZ da Kwangila da Ƙofar Doka sai hannu ya nuna. Lungunan cikin Birni ba na babban babur ba ne, kuma cunkoso yana dafa injin, zafinsa ya dafa cinya. Mai Keke yana tsayawa duk inda aka ɗaga masa hannu, saboda haka ba a bin bayansa kurkusa ko a wuce shi ta dama. Man dizal da manyan motoci ke zubarwa a kwana, da ruwan farko na damina da ke taso da maiƙon kwalta, da yashin da ruwa ke sharowa bakin titi, duk ana ratsa su babur a miƙe, ba birki, ba ƙarin wuta. Layin dogo a tsallake shi kai tsaye, ba a karkace ba. Da hunturu hazo yana rage gani, sai a kunna fitila ko da rana. Akwai kuma wani haɗari da ya keɓanci mai babban babur: direban da ke shirin fitowa daga mahaɗa ya saba auna fitila ɗaya da gudun ɗan acaɓa, sai ya shigo yana zaton akwai lokaci. A kowace mahaɗa a rage gudu, yatsu biyu a kan birki, ido a kan tayar gaban motar, domin ita ke fara motsi. Tafiyar dare a bar ta, haka ma doguwar tafiya da azumi a bakin mai ciwon sukari, kuma a hanyar Kano a tsaya a sha ruwa a miƙe ƙafa bayan kowace sa'a.

Goyo shi ne na ƙarshe, bayan watanni, domin mutum na biyu yana ƙara nauyi a sama kuma a baya, ya sauƙaƙa tayar gaba, ya tsawaita nisan birki. A ƙara iskar tayar baya zuwa adadin da aka rubuta na mutum biyu, a ɗan ƙara taurin sifirin na baya idan yana da wurin juyawa. Wanda za a goya ba ya hawa ko sauka sai mai tuƙi ya kafa ƙafafu biyu, ya damƙe birkin gaba, ya ce bismilla. Idan uwargida ce, zaman gefe ɗaya da wasu mata suka saba ba ya yiwuwa a nan: ƙafa ɗaya kowane gefe, a kan matakinta, hijabi da zane a tattare su a zauna a kansu, ita ma da tata hular kwanon, kuma zagayen farko a yi shi a filin nan na robobin ruwa.